Na gama littafina, amma wa zai saya?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Gusau. Shekara biyu ina rubuta wani labari a waya, yanzu Allah ya sa na kammala. Ƙawayena uku sun karanta sun ce ya yi daɗi. Wasu sun ce in buɗe zauren WhatsApp in riƙa saki kyauta har in yi suna, wasu sun ce in sa masa kuɗi tun farko kada a raina ni, yayana kuma ya ce in bari a tara kuɗi a buga shi a takarda. Mabiyana a Facebook ba su kai ɗari biyu ba. In na ga marubuta masu dubban mabiya sai gabana ya faɗi. Ta ina zan fara? Kuma anya wanda ba a san shi ba zai iya cin abinci da rubutu?"

Ƙanwata, barka kadai, sannu da ƙoƙari. Cikin masu kawo min farkon labari in duba, ƙalilan ne suke dawowa da ƙarshensa, saboda haka ki sani kin riga kin haye wani rafi da ya cinye mutane da yawa.

In na fahimce ki, tambaya biyu kika ɗaure a ƙulli ɗaya. Ta farko ta kasuwa ce: yaya za a yi wanda ba ƙawarki ba, ba ɗan gidanku ba, ya san da ke har ya zaro kuɗinsa. Ta biyu ta zuciya ce, wato faɗuwar gaban nan. Ban karanta littafinki ba, don haka ba zan ce miki zai karɓu ko ba zai karɓu ba. Abin da zan iya shi ne in gaya miki yadda masu karatu suke taruwa a bayan marubuci, gwargwadon abin da na gani a shekarun da na yi ina rubutu, ina gyara wa wasu, ina kuma jigilar littafi zuwa kasuwa.

Kafin waya ta zo

Akwai lokacin da marubucin Hausa ba shi da wannan damuwar taki. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin Baturen jami'in ilimi Rupert East, ita ta fito da littattafan ƙagaggun labarai na farko na boko, kuma hukuma ce ta buga, makarantu suka saya. Haka aka ci gaba zamanin NORLA, hukumar samar da littattafai ta Jihar Arewa, har aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Marubuci ya rubuta, wani ya buga, ɗalibi ya karanta ko yana so ko ba ya so. Sai dai ƙofar ƴar ƙarama ce, mutum nawa suka shiga?

Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, sai matasa a Kano, maza da mata, suka daina jiran kowa. Su rubuta, su kai wa mai buga takardu, su ɗauka su kai wa dillalai a kasuwa. Shi ne abin da masana suka sa wa suna Adabin Kasuwar Kano. To, a nan nake so ki tsaya ki duba da kyau, domin duk abin da ake koyarwa yau da sunan gina dandalin marubuci, waɗannan mutanen sun yi shi ba tare da intanet ba. Sun raba labari kashi-kashi, na ɗaya ya tsaya daidai inda rai zai biya, dole ki nemi na biyu. Sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, kowa yana tallata littattafan ƴan'uwansa a ƙarshen nasa. Sun kai littattafai gidajen rediyo ana karantawa. Sun sa adireshinsu a bango, suka riƙa buga wasiƙun masu karatu da jerin gaishe-gaishe. Yarinya a Hadejia ta buɗe littafi ta ga sunanta a ciki, kina ganin za ta bari na gaba ya wuce ta?

Ni kaina ban gane wannan ba sai da na sha wuya. Littafina na farko kwafi dubu na buga da kuɗin aro, ina ganin da ya fito za a yi wawa. Na kai wa wani dillali, ya juya shi gaba da baya, bai buɗe ko shafi ɗaya ba, ya ce, "Ajiye ɗari, in an tambaya za ka ji." Wannan "in an tambaya" ta tsaya min a rai, don ba wanda ya san da shi balle ya tambaya. Ragowar suka zauna a ɗakina cikin kwali har gara ta fara rabonta daga ƙasa. Amma cikin ƴan waɗanda suka fita, wasiƙu suka fara zuwa akwatin gidan waya da na sa a bango. Ba su da yawa. Ɗaya daga wata matar aure ce, a takardar da aka yago daga littafin lissafin yaro, tana yi min faɗa wai na aurar da yarinyar labarin ga wanda bai dace ba, kuma ita ba ta yafe ba sai na gyara a na biyu. Na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, duk wanda ya rubuto in sa sunansa da garinsu da abin da ya ce, in kuma ba shi amsa. Da na biyu zai fito, su na fara rubuta wa. Su suka je wurin dillalai a garuruwansu suna tambaya, har dillalin nan nawa ya aiko a kira ni.

Mabiya daban, masu jira daban

Abin da nake so ki riƙe ke nan. Lambar da kike gani a ƙarƙashin sunan mutum a Facebook ba ita ce kasuwarsa ba. Cikin dubban nan akwai wanda ya bi shi don hoto, akwai wanda ya daina buɗe shafin tun bara, kuma Facebook ɗin ma ba kowa yake nuna wa abin da aka wallafa ba. Waɗanda suke da amfani su ne masu jira: in kika yi kwana uku ba ki saki shafi ba, su za su biyo ki da "Anti lafiya kuwa? Ina ci gaba?" Ki yi lissafi da kanki. Mutum 60 da kowa ya biya naira 500, naira 30,000 ke nan. Mutum dubu goma da ba wanda ya biya, sai dai kuɗin data da kika ƙona. Don haka mabiyanki ɗari biyu ba abin kunya ba ne. Aikin da ke gabanki shi ne ki gano su wa za su zama masu jira a cikinsu, ki kuma san su ɗaya bayan ɗaya.

Kuma ki san cewa duk waɗannan dandali filin aro ne. Okadabooks, da marubutan Najeriya da yawa, har da na Hausa, suka dogara da shi wajen sayar da littafi, ya rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Ana rufe shafin mutum a Facebook, ana dakatar da lamba a WhatsApp, waya tana faɗawa ruwa. Wanda bai ajiye sunayen masu sayensa a wani wuri nasa ba, ranar da hakan ta faru sai ya koma farko. Ki sami naki littafin mai shafi tamanin, ko na takarda ko na cikin waya da kike da kwafinsa a wani wuri: suna, gari, lamba, abin da ta saya. Da izininsu, kuma kada ki taɓa ba wani.

Game da WhatsApp ɗin, ki san yadda kayan aikinki suke. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, amma kowa yana ganin lambar kowa, kuma in kika bar shi a buɗe sai tallan atamfa da faɗan kishiyoyin labari su binne rubutunki. Saƙon bai-ɗaya, wato broadcast, yana zuwa ga mutum 256, amma sai waɗanda suka adana lambarki. Tashar WhatsApp da aka fito da ita a 2023 tana ɓoye lambobi, ta dace da sakin shafuka, sai dai ba a hira a cikinta yadda ake yi a zaure. Ni da zan zaɓa miki, tasha ko zaure rufaffe don saki, sannan ƙaramin zaure na sharhi. Ki ware layi na daban don wannan harka. Ke mace ce, kuma ɗaliba. Za a samu masu shigowa da sunan karatu alhali wani abu ya kawo su. Ki sanar da na gaba da ke a gida tun yanzu, kada su ji a bakin duniya. In kin ga sunan alƙalami ya fi miki kwanciyar hankali, ba laifi, amma ki zaɓi ɗaya ki zauna a kansa.

Kyauta, kuɗi, ko takarda

Kowanne cikin masu ba ki shawara yana da gaskiyarsa. Mai cewa ki saki kyauta ya san ba a sayen abin da ba a ɗanɗana ba. Mai cewa ki sa kuɗi ya san wanda aka saba masa da kyauta, ranar da aka ce ya biya sai ya ga kamar an zalunce shi. Na ga marubuciyar da ta yi littafi huɗu kyauta, na biyar ta sa masa ɗari uku, zauren ya watse da zagi.

Ga abin da nake ba irinki shawara, tunda naki a kammale yake, wanda babbar dama ce. Ki raba shi shafi-shafi, ki sa ranaku, misali Litinin, Laraba da Asabar bayan isha'i, ki riƙa saki kyauta har ƙarshe. Amma tun ranar farko ki faɗa a fili: mai haƙuri zai karanta kyauta, mai gaggawa da yake son cikakke yanzu ga farashi. Da wannan kin jefi tsuntsu biyu. Ba ki kori kowa ba, kuma kin koya musu tun farko cewa rubutunki abin saye ne. Waɗanda suka biya don ba za su iya jira ba, su ne sunayen farko a littafinki mai shafi tamanin. Ki kuma sanar cewa na biyu na kuɗi ne bayan shafukan ɗanɗano.

Ranakun nan da kika sa, ki riƙe su kamar bashi. Abin da ya fi kashe zaure shi ne marubuciya ta fara da zafi, kullum shafi biyu, sati uku ta ɓace, ta dawo da "ku yi haƙuri wayata ce ta samu matsala". Sau ɗaya za a yi haƙuri. Gara sau biyu a mako da ba ya tashi, da kullum da ba ya tabbata. In jarrabawa ta matso, ki faɗa tun kafin ta zo.

Hanyar biya kuma ta zama mai sauƙi: asusu ɗaya, a turo shaidar biya, ki tura littafi a ranar. Za ki ga ƴan Nijar, daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, suna cikin masu karatu na gaske, kuma da sefa suke mu'amala, don haka marubuta kan nemi amintaccen mutum a can ya riƙa karɓar musu. In abin ya girma, akwai manhajoji irin su ArewaBooks da Selar da suke karɓar kuɗi su miƙa littafi, suna cire nasu kaso. Ki karanta sharuɗɗansu kafin ki sa hannu, musamman batun ko kina da ikon sayarwa a wani wuri.

Shawarar yayanki ba ta da laifi, lokacinta ne bai yi ba. Takarda daga waje ake shigo da mafi yawanta, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin ɗab'i ya yi tashin gwauron zabo. Kada a ci bashi a buga dubu kamar yadda na yi. In masu karatu suka fara cewa suna son na riƙewa a hannu, ki ce mai so ya biya tukuna, ki buga hamsin ko ɗari. A lokacin ne za ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Laburaren Ƙasa, ki kuma kai musu kwafi uku da doka ta ce. In kuma a kasuwar Kano za a sayar, akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, da littafi yake bi ta hannunta. Bikin ƙaddamarwa kuwa, in za ki ji tawa, kada ki sa shi a lissafi. Na zauna a zauren da aka yi ta shelar "na sayi kwafi biyu a kan kaza", aka yi tafi, marubucin ya yi wata shida yana zarya ofis-ofis, abin da ya karɓo bai biya kuɗin kujeru da lemo ba.

Kafin ki saki ko shafi ɗaya

Ƙawayenki uku suna son ki, shi ya sa yabonsu bai isa hujja ba. Ki nemi wanda ya san rubutu kuma ba ya jin nauyinki, malamin Hausa a makarantarku ko wata marubuciya da ta girme ki, ki ce a nuna miki inda aka gaji da karatu. Na taɓa gyara wani littafi da matar cikinsa ta yi wata goma sha huɗu da ciki, ƙanin miji kuma ya shiga labari yana Sani ya fita yana Salisu. Mai littafin ta karanta shi ya fi sau goma ba ta gani ba, don ido ba ya ganin kansa. Ki gyara ƙa'idar rubutu: "ya yi" ba "yayi" ba, "ta ce" ba "tace" ba, wadda ma wata kalma ce daban. Ki sa allon rubutun Hausa a wayarki, Gboard yana da shi, don ƙ da ɗ da ɓ su fito. Kin san tazarar da ke tsakanin "kasa" da "ƙasa". Shafuka uku na farko su za ki fi ba wa lokaci. In kin buɗe da tarihin kakan jaruma da yadda aka gina gidansu, mai karatu ya tafi kafin labari ya fara.

Za a fitar miki da littafi. Wata za ta saya ta tura wa zaure goma, wani zai karanta shi a YouTube yana samun kuɗin talla ba tare da ya tambaye ki ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana bayanki, kuma haƙƙin naki ne tun daga lokacin da kika rubuta, ko ba ki yi rajista ba. YouTube ma yana da hanyar kai ƙara a sauke abin da aka ɗora ba izini. Amma bin kowane zaure aikin banza ne. Abin da ba na so shi ne a cika saman kowane shafi da "Allah ya isa, ban yafe ba". Wadda ta biya kuɗinta ita take fara cin karo da tsinuwar, ɓarauniyar kuwa ko a jikinta. Layi ɗaya na gargaɗi ya wadatar. Ki dai sa sunanki da lambar kasuwancinki a wurare da dama cikin littafin, yadda duk inda ya faɗa zai nuna hanyar gida. Mai son karantawa a tasharsa ko a rediyo, ku yi yarjejeniya a rubuce ko da ta saƙon waya ce.

Faɗuwar gaba

Masu dubban mabiyan nan, yawancinsu suna da littafi goma ko ashirin a baya, kin tarar da su ne a tsakiyar tafiya. Wasu kuma ta gajeriyar hanya suka bi. Ba ɓoyayyen abu ba ne, batsa tana tara jama'a cikin mako guda, kuma za a zo a ce miki "ki ɗan sa yaji". Taron da ta tara ba ya bin ki zuwa wani irin rubutu, sunan da ta bari kuma ba ya wankuwa, ga shi rubutun waya ba ya ɓacewa.

Akwai wani matsin da ba a cika faɗa ba, na masoya. Da zarar an fara sharhi za a ce ki kashe kishiya, ki mayar da wance gidan mijinta, ki ƙara shafi ɗari. Ki saurara, domin a nan za ki gane inda labari ya kama mutane, amma alƙalami a hannunki yake. Matar nan mai wasiƙa ban gyara mata auren ba, na dai rubuta mata dalilina, kuma ta sayi na biyun. Ranar da aka kushe ki, kada ki ba da amsa a ranar. Ranar da kika saki shafi aka yi shiru, ba lallai ƙi aka yi ba. Masu karatu da yawa ba sa magana sai ranar da kika makara.

Kada ki zauna ke kaɗai. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, wasu suna zaman karatu inda ake karanta rubutu a yi masa gyara a gaban mai shi. Da zafi, amma yana gina mutum. Ki shiga gasa, kamar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata. Ko ba ki ci ba, matse labari cikin ƴan kalmomi horo ne, in kuma aka karanta naki a rediyo, ya kai inda zaurenki ba zai kai ba. Ki nemi marubuta biyu ko uku sa'o'inki ku riƙa tallata wa juna, yadda na da suka yi a bangon littafi.

Batun cin abinci da rubutu, ba zan rufe ki ba: waɗanda sayar da labari kaɗai yake riƙe da su ba su da yawa, kuma ba da littafi ɗaya suka kai nan ba. Mafi yawanmu muna haɗawa da koyarwa, ko aikin jarida, ko fassara, ko rubuta wa ƴan fim da gidajen rediyo. Abubakar Imam kansa malamin makaranta ne kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ki riƙe karatunki da kyau. Kuɗin farko da zai shigo, ki cire na data, ki ajiye sauran don biyan mai gyara littafi na biyu. Shi kuma na biyun ki fara shi tun kafin ki saki na farko, ko da shafi ɗaya ne a rana, saboda ranar da kika rubuta "tammat" a zaure, tambayar da za ta biyo baya ita ce yaushe sabo zai fito, kuma ya kamata a ce kina da rana da wata da za ki faɗa musu.